Daga gayaunar Inna zuwa gonar gwaji a Amurka

Ni 'yar manoma ce gaba da baya. A wani ƙauye da ke arewa da Kano aka haife ni, ƙasar jigawa, inda gero da wake da gyaɗa suka fi karɓuwa, dawa kuwa sai a kwari inda ƙasa ke riƙe laima. Baba ke da gandu. Inna tana da gayaunarta, amma ba ita ke zuwa ba, yayyena maza ke nome mata. Nata aikin yana farawa ne ranar da amfani ya shigo gida: sussuka, shiƙa, gyaran wake, suyar gyaɗa da matse mai, sai kuma adana iri. Ita ke zaɓar zangarniyar da ta fi cika ido ta rataye a madafa, hayaƙi ya riƙa bugunta har damina ta zagayo. Wake da toka take cakuɗa shi ta rufe a randa, duk da haka wata shekarar kafin bazara ƙwari sun huda rabinsa.

Malamin gona yakan zo garinmu a kan babur. A ƙofar gidan dagaci yake zama da maza, ya yi musu bayanin sabon iri da taki da maganin feshi. Bai taɓa wuce zaurenmu ba, kuma ban ga laifinsa ba, gidan matan aure ne, ba a shiga. Sai dai ilimin da gwamnati ke biyan kuɗi a kawo mana a zaure yake tsayawa, alhali mai ajiyar irin tana cikin gida. Tun ban san ana yin digiri a kan noma ba abin nan yake damuna.

Baba, Allah ya jiƙansa, bai yi boko ba amma bai hana ni ba. Da na samu gurbi a tsangayar aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, ƙanensa ya zo har gida ya ce, "Yaya, in ma karatun za ta yi, a ce likita mana ko malamar makaranta. Mace da fartanya a jami'a?" Baba ya ce, "Abin da muke ci za ta karanta. Ƙyale ta." A Samaru ta Zariya, inda tsangayar take, na san cewa bincike a wurin ya faro tun 1922, kuma irin dawa da wake da gyaɗa masu suna SAMSORG da SAMPEA da SAMNUT daga nan suke fitowa. A can kuma na ji daga bakin tsofaffin malamai cewa a shekarun 1960 malamai daga Jami'ar Jihar Kansas sun zo sun sa hannu wajen gina tsangayar noma da ta likitancin dabbobi. Saboda haka da damar tafiya Amurka yin digirin digirgir ta samu a 2017, bayan na yi digiri na biyu na kuma yi aure, na san akwai tsohuwar hanya tsakaninmu da su.

Jami'ar da na je tana tsakiyar ƙasar, yankin masara da waken suya da dawa da shanu. Ba zan kama sunanta ba, domin akwai mai daɗi da marar daɗi a cikin abin da zan faɗa, mutanen kuma suna nan da ransu. Farfesan da ya ɗauke ni masanin inganta irin dawa ne. Takarduna ya duba, ya yi mini tambayoyi ta intanet har na yi gumi, sannan ya ɗauke ni. Na faɗi wannan ne saboda masu cewa duk baƙar fatar da aka gani a jami'ar Amurka alfarma aka yi masa.

Kwalejin noma a can gari ne na 'yan gida. Mafi yawan ɗaliban 'ya'yan manoma ne farar fata, sun tashi a ƙungiyoyin yara manoma irin su 4-H da FFA, sun san juna tun a wuraren gasar shanu da aladu, da yawansu sun tuƙa tarakta kafin su mallaki lasisin mota. Ƙidayar manoman ƙasar ta 2017 ta nuna kashi 95 cikin ɗari farar fata ne, ajinmu kuma bai saɓa da haka ba. Babu wanda ya zage ni. Gaisuwa ma suna da ita, har da riƙe maka ƙofa. Amma in malami ya ce a kasu rukuni-rukuni, kafin in waiwaya kowa ya samu nasa, ni da wani ɗan Nepal muke ragewa. Labarin kamfanin iri da ke neman ɗalibai aikin hutu a wurin shan shayi yake yawo, ba a allon sanarwa ba, mu sai an rufe karɓa muke ji.

A watan Mayun 2018 aka fara shuka, azumi kuma ya kama a tsakiyar watan. Yini a can a wannan lokaci dogo ne, a yi sahur wajen ƙarfe huɗu, ba a shan ruwa sai takwas da rabi ta wuce. Ranar da na fara zuwa gonar gwaji ina sanye da dogon hijabina har gwiwa, kamar kullum. Manajan gonar, wani dattijon Bature da ya tsufa a aikin, ya dube ni ya ce ba zan matso kusa da inji ba. Ya ja ni bayan tarakta ya nuna mini wata sandar ƙarfe da ke juyawa tana ba injin da aka jona ƙarfi. Sau 540 take juyawa a minti guda, wato sau tara a sakan ɗaya. In ta kama bakin riga ba ta saki. Ya ce ya san manomin da ta cire wa hannu, ya san wanda bai tashi ba. Gaskiya ya faɗa, na kuma ga a idonsa tsoro ne yake ji mini. Hukuncinsa dai shi ne in zauna a rumfa in riƙa rubuta lambobi a jikin ambulan ɗin iri.

Haka aka fara shukar shekarar. Abokan karatuna suna kan injin shuka suna koyon saita zurfi da tazara, ni ina rumfa da alƙalami da ƙishirwa. Na kai maganar wurin Farfesa. Ya saurare ni da kyau, ya ce maganar kare lafiya a gona hurumin manaja ce, ba zai tsoma baki ba, amma zai iya sauya mini aikin ya koma na ɗakin gwaje-gwaje, inda babu tarakta babu rana. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ni kuwa na san abin da ke jirana a gida: gonaki ne, ba na'urori masu tsada ba. Mai inganta iri da ba ta iya shuka gwajinta da girbe shi da kanta ba, me za ta koyar?

Wata 'yar Ghana da ta riga ni zuwa ita ta ce in je wani ofishi da ke ginin shugaban kwalejin. Aikinsa kula da cewa ɗalibai iri-iri sun shigo, an yi musu adalci, kuma ba a bar kowa a gefe ba, shirin da aka fi sani da DEI. Ɗaki biyu ne da ma'aikata biyu. Shugabar ofishin baƙar fatar Amurka ce, jikar manoma daga kudancin ƙasar, ita ma noma ta karanta. Na shiga da shirin kuka da rubuta ƙara. Ta ba ni kujera, ta ce, "Bari mu ga abin da dokar ta ce tukuna." Ta buɗe littafin ƙa'idojin gonar. An hana tufafi masu reto, an ce mai dogon gashi ya ɗaure. Babu inda aka ambaci rufe kai.

Ta haɗa mu zama: ni, da manaja, da jami'in kare lafiyar ma'aikata. Ta tambaye ni abin da lalle ne ya rufu. Ta tambaye shi abin da lalle ne kada ya yi reto. Da aka jera amsoshin biyu sai aka ga ba su ci karo ba. Aka tsaya a kan ɗan hijabi mai kama kai, marar fil, wanda ake cusa bakinsa cikin wuyan rigar aiki mai haɗe da wando, a ɗauko mini mai yalwa wadda ba ta bayyana jiki, in na bar wurin inji in mayar da dogon hijabina. Na tuntuɓi maigidana ta waya, na tuntuɓi limamin masallacin garin, dukkansu suka ce suturar ta samu. Ofishin ya biya kuɗin kayan daga asusunsa. Ranar da na koma gona, manajan da kansa ya sa na ɗaga hannuwa, na juya, na sunkuya, ya tabbatar babu abin da ke lilo. Sannan ya ce in hau. Darasin farko da ya ba ni shi ne yadda ake kashe sandar nan, a kashe inji, a cire makulli a sa a aljihu kafin a sauko. Sai da na maimaita har ya gamsu sannan ya bari na sa giya. A zaman nan aka kuma yarda in fara aiki da asuba in tashi kafin rana ta take saboda azumi, daga baya ma wasu ɗaliban suka nemi wannan lokacin saboda zafi. Da aka sabunta littafin ƙa'idojin, an ƙara sakin layi a kan masu rufe kai.

Da na gaya wa Inna ta ce, "Ke 'yar nan, wai da gaske ke ke tuƙa tantan?" Na ce, "Ni ce, Inna." Ta ce, "To, a riƙa bisimilla kafin a hau."

Na daɗe ina tunanin wannan al'amari. Manajan ba mugu ba ne, ya zama cikin mutanen da na fi girmamawa a can. Farfesa ma ba mugu ba ne. Kowannensu yana da aikin da aka ɗora masa, kuma ya yi shi. Abin da babu a tsakaninsu shi ne mutumin da aikinsa, wanda ake biyansa albashi dominsa, shi ne ya tambaya wa aka bari a waje, me ya tsayar da shi, kuma yana da ikon kiran manya zama da ɗan kuɗin warware matsalar. Da babu matar nan da na koma ɗakin gwaje-gwaje, kowa ya kwana da zuciya fes, ni kaɗai na san abin da na rasa.

Ofishin ne ya sama mana ɗan ɗakin salla kusa da gidan gilashin da ake renon shuka, shi ne kuma ya sa kamfanoni su riƙa aiko da sanarwar aikin hutu a rubuce ga kowa. Ta hannunsa na shiga MANRRS, ƙungiyar ɗalibai 'yan tsiraru masu karatun noma da albarkatun ƙasa, wadda ta faro tun shekarun 1980. Wata tafiya da muka yi kudu da 'yan ƙungiyar ita ta buɗe mini ido a kan dalilin da ya sa ake buƙatar irin wannan ofis tun farko.

An kai mu gonar wani tsoho baƙar fata. Ina sauka daga mota na hango ganyen da ba sai an gaya mini ba. Wake ne, irin namu, fari mai baƙin ido. Na tsuguna na tsinko kwanso na ɓare, na ce masa da wannan muke yin ƙosai da alale. Ya yi dariya ya ce su ranar sabuwar shekara ba sa rasa shi a tukunya. Asalin waken daga Afirka ta Yamma ne, zamanin cinikin bayi ya kai shi can. Muka zauna a barandarsa, ya ba mu labarin mahaifinsa. Duk shekara sai ya je ofishin ba da rancen noma na gundumarsu da wuri, a ce takardarsa ba ta cika ba, ya koma, a ce ya dawo. Maƙwabcinsa Bature ya karɓi nasa ya sayi iri da taki ya shuka. Shi nasa ba ya fitowa sai lokacin shuka ya wuce, in ma ya fito rabi ne. Amfani ya yi ƙaranci, bashi ya hau, a yanki wani ɓangaren gona a sayar. Ya nuna mana iyakar gonar kakansa da sandarsa, can bayan wasu bishiyoyi, yanzu duk ta wasu ce. Ya dube ni ya ce, "'Yata, ki yi karatun nan da kyau. Mu ba mu da namu a cikin ofisoshin nan, shi ya cuce mu."

A motar dawowa na zauna kusa da shugabar ofishinmu, ta warware mini zare da abawa. A 1920 manoma baƙar fata a Amurka sun haura 900,000, kimanin kashi 14 cikin ɗari na manoman ƙasar. A ƙidayar 2017 ba su kai 50,000 ba. Labarin tsohon nan ba nasa ne shi kaɗai ba: a 1997 wani manomi daga Karolina ta Arewa, Timothy Pigford, ya jagoranci ƙarar ma'aikatar noma ta ƙasa a kan wariya wajen ba da rance, a 1999 aka sasanta, gwamnati ta biya kusan dala biliyan ɗaya, a 2010 aka amince da ƙarin dala biliyan 1.25 ga waɗanda ba su shiga da wuri ba. Kuɗi ya fito, gonakin dai ba su dawo ba.

Kwalejojin noman su kansu, ta ce, da wariyar aka haife su. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta ba kowace jiha eka 30,000 a kan kowane ɗan majalisarta na tarayya, a sayar a gina kwalejin noma da sana'a domin 'ya'yan talakawa. Babban aiki ne, shi ya haifi jami'ar da nake ciki. Amma jihohin kudu ba su bar baƙar fata shiga ba, sai a 1890 aka yi doka ta biyu wadda ta ce ko dai a buɗe ƙofa ga kowa ko a gina musu tasu daban. Suka zaɓi ginawa daban. Su ne jami'o'i 19 da ake kira na 1890, cikinsu har da Tuskegee. An bar wa waɗancan gandu, waɗannan aka yanka musu gayauna, kuma ko takin da doka ta ce a ba su ba a cika bayarwa ba. Daga baya, a 2023, ministocin ilimi da na noma sun rubuta wa gwamnoni 16 cewa tsakanin 1987 da 2020 an tauye wa waɗannan jami'o'i fiye da dala biliyan 12. A Tuskegee ne George Washington Carver, masanin noma baƙar fata, ya koyar tun daga 1896, mutumin da aka haifa bawa, wanda wata kwaleji a Kansas ta ba shi gurbi sannan ta kore shi da ta ga fatarsa, kafin ya samu shiga kwalejin noma ta Iowa. A 1906 ya tsara keken doki mai ɗauke da kayan koyarwa, ana bin ƙauyuka da shi ana koya wa manoma da matansu noman gyaɗa da dankali da wake da adana abinci a ƙofar gidajensu. Da na ji wannan sai zauren gidanmu ya faɗo mini.

Ƙasar da aka raba a 1862 ma tana da masu ita. Wani bincike da mujallar High Country News ta wallafa a 2020 ya bi diddigin kusan eka miliyan 11 da aka karɓe daga al'ummomi kusan 250 na 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar. Kwalejojin waɗannan al'ummomi sai a 1994 aka sa su a sahun kwalejojin noma na gwamnati. A tarukanmu an fara karanta wata 'yar sanarwa ta amincewa da cewa a ƙasarsu muke zaune. Wata ɗaliba 'yar asalin ƙasar ta gaya mini a fili cewa karatun sanarwa ba ya biyan kuɗin makaranta, ta fi ganin mutuncin abin da Jami'ar Jihar Dakota ta Kudu ta yi, wadda ta ware kuɗin da filayen ke kawowa domin ɗalibai 'yan asalin ƙasar. Na yarda da ita.

Ba duk abin da aka yi da sunan shirin ne ya amfane mu ba, kuma ba zan ɓoye ba. Bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda Bature ya kashe a watan Mayun 2020, kowane sashe ya fitar da sanarwa, kowane sashe ya kafa kwamiti, kowane kwamiti kuma yana neman baƙar fuska. Mu 'yan ƙalilan ɗin aka riƙa jan mu daga wannan zama zuwa wancan, ba lada ba la'ada, alhali dawata tana fure tana jiran a rufe mata kai da jakar takarda kafin iska ta gauraya iri. Hotona da hijabi a kan tarakta ya shiga ƙasidar tallar kwalejin, abin ya yi mini ciwo domin waɗanda suka buga shi ba su san da wace wahala aka hau taraktar ba. An wajabta wa ma'aikata wani horo a kwamfuta wanda mutum ke dannawa ya wuce. Irin wannan ya sa wasu suka tsani shirin baki ɗaya, har da mutanen da ba su da wata ƙiyayya a zuciya. Wani abokin karatuna Bature, ɗan ƙaramin manomi da ya sayar da shanun nononsa saboda bashi, ya taɓa ce mini, "Kowa yana da ofis, ni wa nake da shi?" Na kama shi na kai shi wurin matar nan. Ashe cikin aikinta har da ɗaliban da su ne na farko a gidansu da suka shiga jami'a, da tsofaffin sojoji, da masu buƙata ta musamman. Ta sama masa tallafin da ya hana shi barin karatu, ta haɗa mahaifinsa, wanda bayansa ya lalace, da shirin AgrAbility da aka kafa ƙarƙashin dokar noma ta 1990 domin manoma masu naƙasa. Laifin kwalejin ne da ta bari yaro irin wannan ya ɗauka ƙofar ba tasa ba ce.

A 2022 na dawo gida na kama koyarwa a wata kwalejin noma a Arewa. Daga nan nake jin abin da ke faruwa. A watan Yunin 2023 kotun ƙolin Amurka ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Jihar Texas ta yi dokar rufe irin waɗannan ofisoshi a jami'o'in gwamnati, ta fara aiki a Janairun 2024, Florida ma ta yi tata, wasu jihohi suka bi sahu. A Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin kawo ƙarshen shirin a hukumomin tarayya. Ofishinmu ma an rufe shi. Matar tana nan a jami'ar, an mayar da ita wani aikin, ba ta da asusu, ba ta da ikon kiran manaja zama. Masu goyon bayan rufewar suna cewa a bi cancanta kawai, kada a fifita kowa saboda launi. A kan cancanta ban da ja. Amma ni cancantar ce ta kai ni, rumfa kuma aka ajiye ni, ba jarrabawa na faɗi ba. Da na ji labarin sai da na yi hawaye, na tuna cewa ko yanzu akwai wata yarinya da ta sauka daga jirgi da hijabinta.

Mu nan bai kamata mu yi kamar maganar baƙuwa ce ba. Gurbin jami'o'in tarayya a Najeriya an kasa shi ne: kashi 45 cancanta, 35 yankin da jami'a take, 20 jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Da yawanmu 'yan Arewa ta wannan ƙofa muka shiga, kuma mun san ba don ƙwaƙwalwarmu ta gaza ba ne. Muna da hukumar ilimin makiyaya tun 1989, amma a ajin kiwon dabbobi na kwalejinmu da ƙyar ka samu ɗan ruga, yaron da ya san saniya tun yana rarrafe. Muna da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati, wa'adin ya cika. Ina da ɗalibi da shan inna ta taɓa ƙafafunsa, yana zuwa a kan keken guragu, ɗakin gwajin ƙasa kuma matakala ce a ƙofarsa. Abokansa ke ciccibar sa. Rannan ya tsaya bayan darasi ya ce, "Malama, ni ba ɗaukar ce ke damuna ba. In sun makara ni ma na makara, in ba su zo ba na rasa darasin." Na kai maganar gaba aka ce babu kuɗi a kasafin bana. Mu malaman sashen muka yi karo-karo, aka sayi siminti da bulo, birkila ya zuba gangare a yini guda.

Ɗalibaina mata kuwa na roƙi a bar su su yi aikin koyon sana'arsu a cikin gidaje maimakon a tura su ofis su zauna. Suna shiga da buhun nan mai ruɓi uku da masana na Jami'ar Purdue suka ƙirƙiro domin adana wake ba tare da magani ba. A gaban matan gida ake zuba waken, a matse iska, a ɗaure leda ta ciki, a ɗaure ta biyu, a ɗaure buhun waje, a rubuta rana a jiki, bayan watanni a dawo a kwance a gabansu. Wata tsohuwa ta damƙi waken ta shaƙa, ta tauna ƙwaya ɗaya, sannan ta tambayi kuɗin buhun da inda ake sayarwa. Matan kuma suna koya wa ɗalibaina abin da babu a littafi: wane irin wake ne ke nuna da wuri a tukunya, wace dawa ce tuwonta ke kwana bai saki ba. Waɗannan bayanai yanzu suna shiga takardar da muke auna sabon iri da ita.

Duk wannan da ƙoƙarin mutum ɗaya-ɗaya ake yinsa, in aka sauya mini wurin aiki gobe zai iya tsayawa. Shi ya sa na rubuta wa hukumar kwalejin takarda ina neman a ɗora wa wani malami wannan aiki a rubuce, a rage masa darasi ɗaya, a ware masa ɗan kuɗi a kasafi, a kuma ba shi kujera a zaman da ake yanke shawara. Shugaban sashenmu ya karanta ya ce, "Malama, kin san halin da ake ciki da kuɗi, amma zan sa hannu." Ya sa. Takardar tana gaban kwamiti, an ce za a duba ta a zaman bayan kaka, ni kuma na nemi a bar ɗalibin nan mai keke da ɗaya daga cikin ɗalibaina mata su shiga su yi bayani da bakinsu.